Gaisuwar hanyar Gidan Katta

Ɗana na fari direba ne. Motar ba tasa ba ce, ta wani Alhaji ce mai fataucin albasa, shi dai yana lodi da ita daga Illela zuwa Sakkwato. Ran Juma'a ba ya fita aiki, sai Alhaji ya bar masa ita ya kai ni Gidan Katta, garin da aka haife ni.

Motar tana da lalura. In aka kashe ta, ba ta tashi sai da turi, saboda haka duk inda muka tsaya a kunne yake barinta. Ni kuma ban iya wuce ƙofar da na sani ba, balle ta Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda gidanta ke bakin hanya tun kafin a shiga gari. In shiga, a shimfiɗa tabarma, a dama fura, a tambayi gida da gajiya, a sake ta'aziyyar wanda ya rasu bara. Ina jin motar tana gurnani a waje, hankalina kwance. A tunanina sai taya ta juya mai ke tafiya.

Ashe Alhaji ya fara ƙorafi. Duk Asabar sai ya tarar allurar mai ta faɗi fiye da tafiyar da aka yi, har ya soma zargin yaron yana zuƙewa ya sayar wa 'yan bumburutu. A garin iyaka irin namu, wannan zargi ba ya wanke mutum da sauri. Ɗana ya kai ta gareji, aka canza fulogi, aka juye baƙin mai, aka ƙara wa tayoyi iska. Ba ta sake zane ba. Alhaji ya ce in haka ta ci gaba zai karɓe makulli.

Na ga yaro ya daina cinye tuwonsa. Na ce, "Mi ke damunka?"

Ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya yi 'yar dariya. "Inna, motar ga ko tsaye take, ci takai. Furar Gwaggo guda ta isa ta kai ni Gwadabawa."

"To mi ya hana ka hwaɗa min?"

"In ce miki kada ki gaida Gwaggo?"

Sai a nan na gane inda man ke tafiya. Ana kiransa ɓarawo, shi kuwa yana zaune cikin rana yana jiran uwarsa ta gama hira.

Tun daga nan ba ma tsayawa. Allura ta daidaita, makulli yana hannunsa. Alhaji ya ce zai gyara abin tayar da motar in albasa ta yi daraja, har yau muna jira.

Sai dai Gwaggo ta san ƙarar motar. Tana ji za ta dogaro sanda ta fito ƙofa, ni kuma in ɗaga mata hannu ta taga mu wuce. Makon jiya ta aiko a tambaye ni mi ta yi min. Na ce a gaishe ta, a ce ina nan tafe.