Zaman da na yi a zaure ne ya ci ƙafar mahaifina

A shekarun da zan ba ku labari, ni mutum ne mai ji da kansa. Ina noman shinkafa a fadamar wani ƙauye da ke bakin kogi, tsakanin Auyo da Haɗeja, kuma ni ne ɗan fari a gidanmu. Tun da mahaifiyarmu ta rasu na ɗauki ɗawainiyar Baba, cinsa da suturarsa duk a wuyana, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina son a gani a yaba. Baba masunci ne tun yana saurayi. Ko da tsufa ya zo, ga ciwon suga, bai daina tura kwalekwalensa ya je duba raga ba. Tsakanina da shi akwai kunyar nan ta ɗan fari. Bai taɓa kiran sunana ba, in zai yi zancena sai ya ce wancan. Ba ya dariya a gabana, balle ya ce mini wani wuri na yi masa ciwo. Na san da wannan sarai, amma ban taɓa kawo shi a raina a matsayin abin da zai cutar ba.

Wata shekara aka fara turo wata ma'aikaciyar lafiya daga ƙaramin asibitin yankinmu, tana bin gidajen da ke da tsofaffi sau ɗaya a wata. Ta ce ba sai mutum ya kwanta ba, aikinta shi ne ta gano matsala tun tana ƙarama. Takan auna jini, ta huda yatsa ta duba suga, ta tambayi ci da barci da gani. Ni kuwa sai na ɗauka ni aka zo dubawa, a ga ko na iya riƙon tsoho. Saboda haka duk ranar da za ta zo, sai in aika a ce Baba ya yi wanka ya sa rigarsa ta Juma'a, da safa da takalmin da na sayo masa a kasuwar Kafin Hausa. In shimfiɗa tabarma a zaure, in zauna daf da shi ina hura hanci. Kafin ya buɗe baki na riga na amsa. Yana ci? Sosai ma. Yana barci? Kamar jariri.

A zuwanta na farko ta roƙi Baba ya cire safa ta ga tafin ƙafarsa. Ta yi bayani cewa mai suga ƙafarsa kan mutu ta daina ji, har ciwo ya ci shi bai damu ba. Nan take raina ya ɓaci. Yarinyar da ba ta girmi autarmu ba, ita ce za ta ɗaga ƙafar dattijo a zaure, maƙwabta na leƙe? Na ce mata ƙafarsa lafiya lau, mutumin da kullum yake cikin ruwa ai ya fi mu tsabta. Ba ta yi fushi ba. Cikin ladabi ta ce ko zan ɗan ba su wuri, domin tsofaffi sun fi sakewa idan babu 'ya'yansu. Na ce babu abin mahaifina da yake ɓoye a gare ni. Baba dai ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma, ya ce alhamdu lillahi.

Sau uku muna yin haka. A na ukun ta durƙusa gabansa, ta ce Baba, don Allah ko akwai inda ke damunka. Na ga ya miƙa hannu wajen ƙafarsa ta dama, sai ya ɗan waiwayo inda nake, ya janye hannun ya gyara bakin rigarsa. Wallahi na gani da idona. Na ɗauka ƙuda ya kora.

Daga nan ruwa ya cika, hanya ta yanke, ma'aikaciyar ba ta samu zuwa ba a watan. Autarmu da ke aure a Malam Madori ita ta shigo kwalekwale ta zo gaishe shi. Da yake da ita suke wasa da dariya, kai tsaye ta faɗa ɗakinsa, inda ni gaisuwata daga bakin ƙofa take tsayawa. Wari ne ya tare ta. Ta cire safar da kanta, ta kwance tsumman da ke ciki, sai ihunta na ji. Ashe tun da bazara ya taka kututturen kacalla, ciyawar nan da ta cinye mana kogi, ya huda masa tafin ƙafa. Shi kaɗai yake barbaɗa garin magani yana ɗaurewa. Muka ɗauke shi a kwalekwale zuwa tudu, muka samu mota sai Haɗeja. Likita ya ce ciwon ya kai ƙashi, in ba a yanke daga ƙasan gwiwa ba za mu rasa shi gaba ɗaya. Ya ƙara da cewa da an gani da wuri, wanki da ɗauri da magani sun isa. Ni na sa hannu a takardar yarda da yankewar.

Kwana biyu bayan aikin autarmu ta ja ni gefe tana kuka, ta faɗa mini abin da Baba ya gaya mata. Ya ce duk zuwan yarinyar nan da niyyar nuna mata yake fitowa, amma ya kasa buɗe ruɓaɓɓiyar ƙafa alhali wancan yana zaune. Kuma wai ba ya son baƙuwa ta tafi tana cewa ɗansa ba ya kula da shi. Ina zaune ina tsaron sunana, ashe shi ma sunan nawa yake tsarewa, da naman jikinsa. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar ranar ba.

Baba ya yi kusan shekara bayan nan, bai sake ganin kogi ba. Kwalekwalensa ya ruɓe a kife bayan gida. Har Allah ya karɓi ransa bai taɓa nuna mini laifina ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Ma'aikaciyar ta zo ta'aziyya, ta yi addu'a ta tafi, na kasa ɗaga ido in dube ta.

Na san kowa da ƙaddararsa, amma na san kuma inda hannuna yake a ciki. Na ciyar da Baba, na tufatar da shi, ban taɓa barinsa ya yi magana ba. Ku da Allah ya bar muku tsofaffi a gida, idan masu dubawa sun zo ba ku suka zo yi wa jarrabawa ba. Kada ku shirya tsoho kamar mai zuwa biki, kada ku amsa tambayar da ba ku aka yi wa ba. In kun san yana jin kunyarku, ku kira wanda yake sakewa da shi, ko ku bar shi da su. Abin da aka roƙe ni bai wuce in tashi in fita ƙofar gida na ɗan lokaci ba, na ƙi. Yau tabarmar na nan a zaure, kuma ba na iya zama a kanta.