Majo Ajuma da Tambayar Inna Barira

A wani ƙauye da ke gabas da Dumega akwai gidan likita mai 'yan ɗakuna kaɗan, da rumfar kwano a gaba, da itacen bedi inda ake ɗaure jakunan da suka kawo marasa lafiya. Shugabar ma'aikatan jinyar wurin, wadda kowa ke kira Majo, mace ce mai suna Ajuma. Gajera ce mai kauri, tana tafiya a hankali saboda gwiwa, kuma ba a cika jin muryarta daga waje ba.

A Matankari aka haife ta. Uwarta ta rasu wajen haihuwar ƙanenta tun ba ta yi wayo ba, sai riƙonta ya koma hannun kakarta Marwa, tsohuwar da ke da 'yar bukkar doguwa, iskar bori, a bayan ɗakinta. Mutane kan zo wurin Marwa da ciwon da ya ƙi jin magani. Abin da Ajuma ta fi tunawa shi ne zaman da tsohuwar kan yi da su. Takan bar mutum ya yi ta kewaye-kewaye, ya yi zancen gona da na suruki, tana gyara wake a faifai, har ya iso kan abin da ya kawo shi.

Baffanta, wani tsohon soja, shi ya sa ta lakwal, wato makarantar boko. Ta yi kolej a Dogon Dutsi, ta yi makarantar jinya a Yamai, aka yi ta jefa ta ƙauyukan Gaya da na Loga kafin a dawo da ita Arewa, yankinsu na Dogon Dutsi. Mijinta Mahaman malamin lakwal ne, yana Tibiri da yara, ita kuma takan hau kabu-kabu ta je ta gan su ranar Asabar. Ajuma mai salla ce da azumin nafila, ba ta taɓa shiga bori ba, amma ba a taɓa jin ta yi wa masu yi dariya ba. Idan mara lafiya ya zo da laya a damtse, takan matsar da ita sama kaɗan ta ɗaura abin awon tansiyo, wato hawan jini, a ƙasanta.

Shekarun ritayarta sun fara matsowa lokacin da wata ƙungiya ta kawo musu na'ura. Wata shimfiɗaɗɗiyar waya ce mai faɗin tafin hannu biyu, mutanen gari suka sa mata suna allo. Ana shigar mata da nauyin mara lafiya, da zafin jikinsa, da yawan numfashinsa, ita kuma ta yi ta jero tambayoyi, a ƙarshe ta faɗi ciwon da take zato da maganin da ya dace. Idan ta nuna ja, to a tura mutum babban asibiti. A wurin horon da aka yi musu a Dosso, mai koyarwa ya ce wannan somin abu ne. Ya ce ƙirƙirarriyar basira na nan tafe, wadda za ta saurari tarin yaro ta gane ciwonsa, ta dubi hoton ido ta san ko jini ya yi ƙasa. Wani ma'aikaci ya ce to a ba ta tsintsiya ma ta riƙa share ɗakin haihuwa, aka yi dariya. Ajuma ta koma masauki ranar ba ta iya cin abinci ba.

Da farko tsoron kunya take ji. Yatsunta masu kauri ne, sai ta taɓa nan allo ya buɗe can, ga rubutun ƙanana ko da tabarau. Luƙman, saurayin ma'aikacin da aka turo mata daga Dutsi, mai zuba Faransanci a tsakiyar kowace magana, shi ya zauna da ita yana nuna mata har hannunta ya saba. Yaro ne mai ladabi, Tanti yake ce mata idan ba kowa, Majo idan da mutane.

Ana cikin damina aka kawo wata yarinya da zazzaɓi. Ajuma ta duba ta, gwajin jini ya nuna zazzaɓin cizon sauro, ta miƙa hannu za ta ɗauko magani ta sallame su don layi ya yi tsawo. Allo ya ƙi wucewa gaba sai an ƙirga numfashi. Ta ƙirga tana tsaki a ranta, sai ga shi numfashin ya wuce ƙa'ida nesa, ciwon huhu ya fara kama yarinyar. Da aka tashi aiki ta gaya wa Luƙman ba tare da kwana-kwana ba cewa allo ya ga abin da ita ba ta gani ba. Tun daga ranar ta daina fatan ya lalace.

Sai tsoron ya sauya kama. Matan gari suka fara shigowa suna cewa a tambayi allo. Wadda da sai an yi ta lallashi kafin ta yarda a kai ɗanta Dutsi, yanzu da an ce mata allo ya ce, sai ta tashi ta ɗaure kayanta. Luƙman ya ga abin ya zo da sauƙi, ya riƙa amfani da shi. Ajuma ma ta yi, ba sau ɗaya ba. Wata rana da hantsi ta sallami wata mata da jaririnta, ta ɗaga kai don kiran na gaba, sai ta ga ba za ta iya tuna fuskar wadda ta fita ba. Nauyin jaririn tana tune da shi. Ko uwar tana da tsage, ko ta yi kuka, ko yarinya ce ko babba, ba ta sani ba. Ta faɗa wa Mahaman ranar Asabar, ya ce gajiya ce, ta nemi hutu.

Da bazara ta yi tsanani, wani magidanci mai suna Ado ya kawo uwarsa a amalanke, matarsa Hasiya na riƙe da ita. Sunan tsohuwar Barira. Ƙafafunta sun kumbura har fatar na sheƙi, ba ta iya kwanciya sai dai a zaune, numfashi kamar wadda ta yi gudu. Ajuma ta saurari ƙirjinta, Luƙman na shigar da abin da take faɗa, allo ya nuna ja. Aka gaya wa Ado sai an kira ambilans an kai ta Dogon Dutsi yau ɗin nan. Tsohuwa ta girgiza kai, ta ce daga nan sai ɗakinta.

Ado ya yi magana, Hasiya ta yi, ba ta ko dube su ba. Idonta na kan allon da ke hannun Luƙman. Can ta ce, "Ɗiyata, tambayar mini abin nan naku. Wanga ciwo, na Allah ne, ko ita ce?"

Ba wanda ya tambayi wace ce ita. A Arewa ba a bukatar a tambaya. Ado ya sunkuyar da kai, ya matso kusa da Ajuma ya yi ƙasa da murya. "Majo, ki ce mata allo ya ce in ta tafi za ta warke. Shi kaɗai za ta ji."

Luƙman ya miƙo mata allon. Ajuma ta karɓa, ta san kalma uku za su gama zancen, kuma tafiyar ita ce daidai. Amma ta mayar wa Luƙman, ta ce ya je ya ci gaba da masu jira, ta roƙi Ado da matarsa su ba su wuri. Ta jawo kujera ta zauna, gwiwarta na taɓa ta tsohuwar.

"Inna, allon nan bai san ta ba," in ji ta. "Abin da ya sani, zuciyarki ta gaji, ruwa ya taru a ƙirjinki. Wannan ni ma na ji da kunnena. Sauran sai ke za ki gaya mini."

Barira ba ta fara daga nan ba. Ta yi zancen rijiyar unguwarsu da ta ja baya, da akuyar da ta ɓace mata bara, tana tsayawa tana neman numfashi. Ajuma ta gyara mata matashi, ta ba ta ƙwayar da ke rage ruwa, ta jira. A waje ana ta gunaguni, wani jariri na ta kuka. A hankali tsohuwar ta iso. Ta ce tun tana amarya doguwa ta kama ta, aka yi mata girkar bori, ta yi shekaru tana hawa duk inda aka kaɗa goge. Bayan rasuwar mijinta, Ado ya yi ta yi mata nasiha har ta bari, ta ba da zanen doguwar da sauran kayan, ta shiga makarantar matan unguwa ta koyi salla da kyau. Tun da ciwon nan ya fara take tunanin ko wadda ta yasar ce ta dawo neman hakkinta. Mutuwa ba ta dame ta ba, in ji ta, ta ga jikoki. Abin da ke hana ta barci shi ne, shekara da shekaru wata ce ke magana da bakinta ba da saninta ba. Idan ranar ta zo a cikin mota ko a tsakiyar baƙi, aka ce ta yi kalmar shahada, wa ya san muryar wa za ta fito?

Ajuma ta ce ita ba malama ba ce, ba ta san hukuncin abin da ya wuce ba, wannan yana wurin Allah. "Amma na zauna kusa da masu cikawa da yawa, Inna, har da 'yan bori. Ban taɓa jin iska ta yi magana a wannan lokaci ba. Na ji masu kiran uwarsu, na ji masu kiran Allah, na ga waɗanda ba su ce komai ba. Abin da na gani ke nan, ban ƙara ba."

Sai tsohuwa ta tambaye ta 'yar wane gida ce. Da ta ji sunan Marwa ta Matankari, ta ce ta san ta, sun taɓa haɗuwa a wani wasa tun tana yarinya. Ita da Ajuma suka yi kalmar shahada tare, Barira na yankewa a tsakiya don numfashi, ta sake, ta kuma sakewa, tana sauraron muryarta. Ajuma ta kira Hasiya ta ce ita za ta bi surukarta, ta zauna daidai kunnenta a mota da asibiti, kada ta matsa ko an ce ta matsa. Ta buga waya ga wata tsohuwar abokiyar karatunta da ke aiki a Dutsi ta roƙe ta a bar Hasiya kusa da gadon. Ba ta yi wa Barira alkawarin warkewa ba. Bayan azahar ambilans ta zo, tsohuwa ta shiga da ƙafarta, ana tallafe da ita.

Ta yi kamar mako biyu a can ta dawo, kumburin ya saɓe, tana iya kwanciya. Ta ga damina, ta ga an kai gero rumbu. Ran kasuwa takan sa a kawo ta karɓar magani, ta zauna a ƙarƙashin bedi har layi ya ƙare don su gaisa da Majo. Bayan kaka jikin ya sake rikicewa, wannan karon ba ta yarda a ɗaga ta ba, Ajuma kuma da ta je ta duba ta ba ta matsa ba. Ta rasu wata Laraba da la'asar a ɗakinta. A wurin gaisuwa Hasiya ta ce fura tsohuwar ta nema, kafin a dama aka ga ido ya sake, ta yi ta karanta mata a kunne, leɓunanta na motsi. Ajuma ba ta tambayi ko an ji abin da take faɗa ba.

Kwanaki bayan haka, suna cin abincin rana a rumfa, Luƙman ya nuna mata wani sabon abu a wayarsa, wanda ake rubuta wa tambaya ya ba da amsa, har da Hausa. Ya ce, cikin jin nauyi, ya rubuta masa tambayar Inna Barira don ya ga abin da zai ce. Ajuma ta ajiye cokali ta ce ya karanta. Amsar ta ce tsoron nan abu ne da ake fahimta, kada tsohuwar ta ɗauke shi ita kaɗai, ta nemi malamin da ta amince da shi da wani nata ya zauna kusa da ita, kuma kada ta bar shan magani. Hausar ta ɗan karkace, amma babu raini a ciki, babu ƙarya.

"Ya fi ni iya tsara magana," in ji Ajuma.

"Tanti, ai ni na ba shi tambayar a shirye. Ke sai da kika bi ta rijiya da akuya."

Ta ce wataƙila wata rana abin wayar ma ya koyi jira, tunda ba shi da layi a waje kuma gwiwa ba ta yi masa ciwo. Ba ta san ko hakan zai zama alheri ba. Luƙman ya ce shi ma bai sani ba. Ta ce ya sake karanta mata, ya karanta, ta saurara har ƙarshe tana kallon hanya. Wasu Fulani biyu ne ke tahowa daga wajen rugga, ɗaya ya naɗe hannunsa da rawani, jini ya ɓullo ta ciki. Ta rufe kwanonta, ta dafa benci ta miƙe, ta ce wa Luƙman ya ɗora ruwan zafi ya fito da zaren ɗinki.