Malam Hamisu da Injin da Ya Koma Ban-ruwa

Ina tsugune ina dama fenti a garajinmu na Sabon Gari, da hantsin Talata, wayata ta yi ƙara. Nura ne, babban ɗan Malam Hamisu. Ya ce, "Baba Lawali, Malam ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kan wata tsohuwar taya, har fentin ya daskare ban motsa ba.

Tun muna samari muke aiki a rumfa guda, ni mai fenti, shi makanike. Abin da Maradi ta san shi da shi kuwa shi ne duba lambar inji. Duk wanda zai sayi tsohuwar mota irin mai ƙofa biyu, wadda masu sha'awa ke bi gari-gari suna nema, sai ya kawo ta wurinsa. Zai kankare dattin da ke jikin injin, ya karanta lambar da aka buga tun daga masana'anta, ya gwada da ta jikin motar da ta kart giris, wato takardar mallakar mota. Yakan ce mini, "Lawali, kai aikinka rufa asiri, ni nawa tonawa. Shi ya sa Allah Ya haɗa mu."

Kayan aikinsa buroshin goge haƙori ne. Hajiya Rabi, mai ɗakinsa, ta gaji da sayen sabo yana ɗauke mata, ta koma aswaki. Matsalar ita ce ba ya jiran a tambaye shi. An taɓa kai mu ɗaurin aure unguwar Zariya, aka shafa fatiha aka neme shi aka rasa, sai ga ƙafafunsa biyu sun leƙo daga ƙarƙashin motar uban ango.

Wata shekara Mushe Iliya (haka muke kiran malaman boko), tsohon malamin lakwal, wato makaranta, daga cikin Kiristocin Tibiri, ya kawo mini jar mota marar rufi in sabunta mata fenti. Gadon mahaifinsa ce, wanda ya yi wa wani likita Bature tuƙi, da Baturen zai koma gida ya bar masa ita. Na shiga ɗauko takardar goge, kafin in fito Malam Hamisu ya buɗe ta.

Ya ɗago ya ce, "Mushe, sannu da haƙuri. Wannan inji ba nata ba ne."

Mushe ya ce, "Malam, ni fa fenti na zo."

"Fentin ma za a yi. Amma an goge lambar da dutse, an sake buga wata. Dubi bakwai ɗin nan, kamar ta sha duka."

Ni dariya na yi, Mushe bai yi ba. Ya ce ƙanen mahaifinsa, Baba Yohanna, shi ya riƙe motar lokacin da tsohon ke jinya, kuma dangi sun daɗe suna raɗe-raɗin ya taɓa ta. Kafin mako ya zagayo gida ya rabu biyu, Mushe ya daina gaida baffansa. Da labari ya zo, Malam Hamisu ya kasa cin tuwo. Ya ce, "Bakina ya ɓata, ƙafata za ta gyara."

Ya bi tsofaffin makanikai ɗaya bayan ɗaya, har wani da ido ya mutu ya tuna an taɓa ɗaukar inji a amalanke zuwa Jiratawa. Ranar Juma'a bayan masallaci muka tafi mu uku har da Mushe. A ƙarshen wani lambun albasa muka ji ƙara, Malam Hamisu ya tsaya cak, ya ce, "Wannan murya ba ta famfo ba ce." Ya kwanta cikin taɓo gindin injin da ke jan ruwan, da farar rigarsa ta Juma'a, ya kankare, ya karanta da ƙarfi. Lambar ta yi daidai da ta takardar Mushe.

Mai lambun, wani dattijo, ya taso da fartanya yana tsammanin ɓarayi ne. Da ya ji sunan mahaifin Mushe da labarin da ya kawo mu sai ya ajiye ta. Ya ce, "Shekarar da ruwa ya ƙi, shi da kansa ya kawo mana. Ya ce kada mu faɗa wa iyalinsa, matarsa za ta cinye shi ɗanye. Yohanna kuka ya riƙa yi yana roƙonsa ya bari. Ashe har lambar ya sa aka gyara?"

Mushe ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Dattijon ya ce in ya zo karɓa ne, ga shi. Duk muka dubi Malam Hamisu, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana mayar da kowane inji jikin motarsa. Ya dubi injin, ya dubi ruwan da ke malala cikin kwamai, taɓo na ɗiga daga gemunsa. Ya ce, "Lamba ta ce na mota ne. Albasa ta ce nata ne. Mushe, albasar ta fi yawa."

Aka bar injin a nan. Daga lambun muka zarce Tibiri, Mushe ya durƙusa gaban baffansa. Tsohon ya yafe, sannan ya dubi rigar Malam Hamisu ya tambaya ko rijiya muka tsamo shi.

Makon jiya na je duba shi a likita. Ya rame ƙwarai, amma ya kama hannuna ya ce, "Ka shaida, Lawali, yadda aka ba ni jikin nan haka zan mayar. Haƙora biyu kawai aka canja, su ma na faɗa wa kowa." Muka yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ban san sallama muke yi ba.

Ya Allah, bawanKa Hamisu ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Hajiya Rabi da Nura da ƙannensa haƙurin wannan rashi, Ka tsaya musu a bayansa. Mu da ya bari a rumfa, in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.