Takalman Yaya Sani da Muka Rufe a Leda

A wannan watan Yaya Sani ya cika shekara bakwai da rasuwa, kuma a wannan watan ne muka buɗe ɗakinsa na baya a unguwar Alibandeng, a nan ƙasar waje inda muke zaune.

Atamfa yake sayarwa a unguwar Lalala, amma mahaifinmu baduku ne a Kano, kuma ƙamshin jemammiyar fata bai taɓa barin hancin Yaya ba. Duk ɗan kasuwar da zai je gida sai ya ba shi saƙo: a nemo masa tsohon takalmi ɗinkin hannu. Kubutai masu ado, ƙafa-ciki irin na tsofaffin alƙalai, har da na wani Bafaranshe da ya tsinta a gwanjo. A gefe ya jera basillar Baba, da madoshi, da wata guduma wadda babban yatsan mai ita ya ci ƙotarta. Duk Lahadi sai ya fito da su baranda ya shafe su da man kaɗe. Nakan ce masa, "Yaya, ƙafa biyu gare ka fa." Ya ce, "Kai ma ido biyu gare ka, Malam, littattafan nan na mene ne?"

Bayan sadakar arba'in aka tambaye ni yadda za a adana takalman, tunda ni ne mai karatun gidan. Na ba da shawara da irin muryar da nake koyar da nahawu: kowace ƙafa a sa ta a leda, a ƙulle, a jera a akwati, a rufe ɗakin. Haka muka tashi muka ga ana yi a gida. Abin da kake ji da shi, rufe shi kake yi. Shekara talatin ina shanya riga a garin nan tana ƙin bushewa saboda damshi, amma ban taɓa kawo wa raina cewa fata ma tana bukatar iska ba.

'Yarsa Hadiza, haifaffiyar nan, ita ta kira ni, domin za a gyara rufin ɗakin. Da ta kwance ledar farko sai ta ja da baya. Ta kira ni da sunan da yaran nan ke kiran baffa da Faransanci: "Tonton, wannan takalmi ne ko gurasa?" Fumfuna ta rufe shi, koriya shar. Na ɗaga wani, tafin ya zauna a leda, saman ya biyo hannuna. Muka buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ƙarafan aikin Baba sun yi tsatsa, amma su za su goge. Fata kuwa ta tafi.

Ina tunanin me zai ce da ya ga kasuwar yanzu, inda takalmin roba ke zuwa buhu-buhu, a sa wata biyu a yar a kwata. Na san zai yi tsaki. Abin da zai ce da ni ne ban iya ƙiyastawa ba, domin shi mutum ne da idan ransa ya ɓaci sosai sai ya tambaye ka ko ka ci abinci.

Na shiga wajen matarsa, Hajiya Rabi, na ce, "Hajiya, laifina ne." Ta ce, "Malam, da kyakkyawar niyya ka yi. Allah ya ji ƙan mai su." Da zan fita sai na lura da wasu baƙaƙen takalma a bakin ƙofarta, dugadugansu sun karkace waje kamar yadda Yaya yake taka ƙasa. Na zuwa kanti ne, ba ya ma lissafa su cikin tarin. Ta ce ranar da muke ƙulle-ƙullenmu ta ɗauke su, don kada mai wucewa ya ga gidan ba namiji. Kullum in ta yi shara takan ɗaga su, ta goge, ta mayar.

Su kaɗai suka rage. Na tsaya a kansu har Hadiza ta ce taksi yana jira. Allah ya gafarta wa Yaya, ya haskaka kabarinsa.