Kumbon da aka bar mana ajiya

Tsakar gidanmu a unguwar New Bell ta Douala ba ta da wani faɗi, amma shekaru muka yi da kumbo a cikinta, irin wanda Turawa ke shiga su tafi duniyar wata. Namu ba ya tashi. Maigidana ne ya ƙera shi, girmansa daidai da na gasken, mutum uku za su zauna a ciki ba matsi. Yaran unguwa suna ce masa fuze.

Shi maigida maƙerin kwano ne. Tsohon duro yake saye, ya farke shi ya daddale, ya fitar da adaka da kurfoti da bokiti. Wata rana wani ɗan unguwarmu mai aikin ofis a wani kamfanin lemo ya shigo da hoto, ya ce manyansa na son irinsa saboda bajekolin ƙarshen shekara, yara su riƙa shiga ana ɗaukar su hoto. Kamfani ya biya tun kafin a buga guduma. Malam ya ƙera shi kamar mazurari a kife, da ƙofa mai zagaye da 'yan tagogi, ya shafe shi da fenti ruwan azurfa. Ni dai abin da ya dame ni, ya tare mini wurin shanya.

Sai kiriz ta shigo, wato karyewar tattalin arziki. Haka kowa ke faɗa, kamar sunan wata baƙuwa. Aka yanke albashi, aka yi ta sallamar mutane, bajekoli bai yiwu ba. Muka ji an rufe kamfanin. Ba wanda ya zo ɗaukar kumbo.

Duro ya yi wuyar samu, wanda ba shi da na cefane kuma ba adaka ce a gabansa ba. Na koma tuyar makala, wato fanke, ina sayarwa da wake a ƙofar gida. Malam yana zaune ba aiki, ga kwanon da ya fi kowane kyau a unguwar tsaye a gabansa.

Na ce, "Malam, kurfoti nawa ne a jikin abin nan?"

Ya ce, "Ba nawa ba ne. An biya. Ajiya ce."

"Ajiyar wa? Masu shi sun watse."

"To sai su taru."

Da damina ta kawo kai, hankalinsa ya tashi. Shi a arewa ya girma, da gemunsa ya zo Douala, kuma a can in kana son abu ya daɗe sai ka toshe shi kamar rumbu, kada ɗigo ya shiga. Ya sayo baƙar leda ya naɗe kumbo tun daga kai har gindi, ya ɗaure da roba tamau, ya bi ƙasan ya danne da yashi. Ni haifaffiyar nan ce, na san garin da gishiri ke narkewa cikin kwalba a rufe. Amma na ce a raina, mutumin da ya tsufa cikin ƙarfe ai ya fi ni sanin ƙarfe. Har ni na riƙe masa bakin ledar.

Ruwa ya yi ta zuba yadda ya saba, rana ta fito ta dafa abin da ke ciki. Ranar da ya kwance, wari ne ya fara fitowa. Cikin ledar sharkaf yake da gumi. Fentin ya kumbura kamar ƙuna. Ya ɗora babban yatsa ya ɗan danna, yatsan ya shige. Ya je ya yi alwala.

Ya yi ta cigiyar yaron ofis, har aka ce an gan shi a kasuwar Dakar ta nan cikin gari yana sayar da robobi. Ya je ya taho da shi gida. Ina bakin murhu ina jin su.

"Ɗana, ga kayanku na lalacewa a hannuna. Ko ku ɗauka, ko ka ce ka yafe in yanki abin da ya rage."

"Kawu, da wane bakin? Ni ɗan aike ne. Ni ma kora ta aka yi."

"To mai gidan naku fa?"

"Patron ya koma ƙasarsu. Ko sallama bai yi mana ba." Ya leƙa ta tagar, ya girgiza kai. "Kawu, wannan ko Japoma nan bakin gari ba zai kai ba, balle wata."

Ni kaɗai na yi dariya, ita ma na haɗiye ta.

Liman ya ce in mai kaya ya ɓace, a sayar a yi sadaka da kuɗin a madadinsa. Malam ya yi na'am, amma sai ya ce a ɗan ƙara jira, ko wasiƙa za ta zo. Da ya gaji ya kira masu sayen tsohon ƙarfe, wata daminar ta riga ta wuce ta kansa. Suka zagaya shi, ɗaya ya ƙwanƙwasa, ɓawo ya zubo masa a ƙafa. Suka ce ko kyauta ne, kuɗin amalanke ya fi shi.

Ba ya sayuwa, ba ya yankuwa, ba mai karɓa. Kowace safiya in na fito shara sai in tarar da jan garin tsatsa zagaye da gindinsa. Rannan na haɗa shi da sauran shara zan kwashe, Malam ya tsayar da ni. Ya miƙo mini tsohon buhun shinkafa.

Ya ce, "Wannan ki riƙa zuba shi daban. Na mutane ne."

Na dube shi, na dubi buhun. Na durƙusa na tsince ɓawon albasa daga ciki, na zuba masa.