Allin Danda a Ƙeyar Ekran

Kullum da hantsi Danda ke buɗe rumfarsa a bakin kasuwar Tasawa, ya shimfiɗa buhu, ya jera turnabis uku na kwance kusa da guntun farin alli. Shekara arba'in ke nan yana gyaran tele, akwatin kallo, daga baya ya haɗa da ekran na ordinater, wato fuskar kwamfuta, irin mai ƙatuwar ƙeyar nan. Bana ido ya gaza, zai rufe rumfa.

Tabon da ke kuncinsa tun shekarar fari ta tamanin da huɗu ya samo shi, ranar da gilashin wata tele ya tarwatse masa a fuska. Tun daga nan bakinsa bai huta ba. Ko an cire waya, in ji shi, akwatin nan na riƙe da kuran, wato wutar lantarki, a ciki, gilashinsa kuma ba ya son duka. Har tsokanarsa ake yi, wai limamin akwati.

A 2010, soja na mulki, rumbuna wayam, ma'aikatu suka zubar da tsofaffin ekran. Mutane suka kwashe, don jan ƙarfen ciki na kawo tiyar hatsi. Mumuni, wani manomi a Hawandawaki, ya kai ɗaya gida don ya fasa. Matarsa Zuhura ta taɓa jin wa'azin Danda, sai ta ɓoye taɓarya, ta ruga kasuwar garin, inda Danda yakan zo gyara. Ko da suka iso ita da Danda, Mumuni ya aro taɓaryar maƙwabta, ɗiyarsa Hassana na tsugune dab da gilashin tana kallon fuskarta.

"Aje taɓaryar nan, Mumuni."

"Baba, mataccen abu mi zai yi mani? Tun jiya ba a ɗora tukunya ba gidan nan."

Danda bai ja magana ba. Ya matsar da yarinyar, ya kwance ƙeyar akwatin, ya ɗaura waya a turnabis, ya zura shi ƙarƙashin wata roba. Wuta ta yi ƙas. Mumuni ya saki taɓarya. Sannan Danda ya huda gilashin a hankali har ya gama shan iska, ya ciro jan ƙarfen ya miƙa masa, ya ja wa akwatin layi da alli. Daga ranar, a ƙauyukan nan, akwatin da babu allin Danda ba a taɓa shi.

Danda, kai ne ba ka hana mai yunwa neman abincinsa ba, ka dai tsaya tsakaninsa da gilashi. Mun gode, Baba Danda, Allah ya saka da alheri. Duk mai wani sani da zai tsare maƙwabci, ya faɗe shi kamar yadda ka yi, ko da za a yi masa dariya.

Hassana tela ce yanzu a Mayahi. Ita ta ɗinka rigar da za ka sa ranar rufe rumfa, kuma da idonta biyu lafiya lau ta zura zaren.