Wuƙar Bunsurun Kirsimeti

A gidanmu, can bakin ruwa kusa da Wara, ni ke yanka bunsurun Kirsimeti tun da hannun Baba ya fara rawa. Wuƙar ma a ɗakina take kwana. Ba ƙaramin abu ba ne a wurina, don ranar ce kaɗai Baba ke kallona kamar na isa mutum.

Sai shekarar da shanun wani Bafillace suka faɗa mana albasa, suka tattake rabin fadama. Matasan coci suka tashi da sanduna. Baba, da yake dattijon coci ne, ya hana. Ya taka har ruga ya ce ya yafe, ya kuma gayyato su cin abincin Kirsimeti. Su kuwa ba sa cin yankanmu, kowa ya sani.

Da safiyar ranar Baba ya ce in kawo wuƙa. Na wasa ta tas na kawo, sai ya miƙa wa Bafillacen.

"Riƙe mashi ƙafafu," ya ce da ni. "In ba shi yay yanka ba, ba su ci."

Na riƙe. Mai shanun da suka gama da albasarmu ya juya bunsuru gabas, Baba na yi masa irin murmushin da ni ban taɓa samu ba. Kishi ya turnuƙe ni, kuma har yau da sauransa.

Mutanen ruga suka ci suka ƙoshi. Amma kwanonin da Inna ta aika gidajen 'yan coci haka suka dawo, ko murfi ba a ɗaga ba. Ƙanen Baba ya ce an sayar da mu, ya ɗauke iyalinsa ya koma bencin baya, rabin coci suka bi shi. Kullum muna jin wa'azi cewa mai yin sulhu yana da albarka. Ba wanda ya gaya mana cewa wani sulhun a cikin gida yake tsaga mutane.

Baba ya rasu ba su shirya da ƙanensa ba. Kafin nan ya bar wa Bafillacen wuƙar.

Gaskiya shanu ba su sake shiga fadamarmu ba. Duk Kirsimeti Bafillacen yakan zo da wuƙar cikin sabon kube, ya gaishe ni da ladabi, ya ce shi ma uba ya rasa. Ni kuma in durƙusa in riƙe ƙafafu.